Nan Ba Nijar Ba Ce

Har yau in na karya reshen dalbejiya, ɗacin warinsa sai ya mayar da ni aji shida a firamarenmu ta Daura.

Malaminmu na Turanci yana da doka: wanda ya ci tambaya shi zai zane wanda ya faɗi. Ran nan, gab da tashi, ya rubuta plateau a allo, ya ce a kawo jam'insa. Ƙawata Rabi ta fara fita. Daga Magarya ta Nijar iyayenta suka dawo, ta yi shekara huɗu tana boko da Faransanci, don haka ba ta ko tsaya tunani ba ta ƙara x a ƙarshe. Ni kuwa na ƙara s, don ita kaɗai na sani.

"Malam, kalmar Faransanci ce, haka aka koya mana," in ji Rabi, murya ƙasa-ƙasa.

"Nan ba Nijar ba ce," ya ce, ya miƙo mini ɗanyar tsumagiyar dalbejiya. "Biyar. In kika sassauta, ki sha goma."

Ga ƙamus kan teburinsa, ya kife hularsa a kai. Ɗaga hular nan kawai ya gagare shi! Na tsula mata biyar, tana kallona, ko hawaye ba ta yi ba.

Sai da na girma na buɗe ƙamus, na tarar duka biyun daidai ne. Rashin saninsa na yafe tuntuni. Abin da na kasa yafewa, da hannuna ya dake ta.