Takalmin Ɗan Fari

Da la'asar ce, a gidanmu na 'Yankuzo. Yayana ya zo hutu daga Gusau, ya cire takalminsa na makaranta ya ajiye a ƙofar ɗakin Inna. Sandal ne ruwan ƙasa, yana ta ƙamshin man gogewa. Na faki ido na zura ƙafata mai faso a ciki.

Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta sakin fuska da shi a gaban mutane. Ana yaye shi aka kai shi riƙo wurin Gwaggo a Tudun Wadar Gusau, can aka sa shi makaranta. Ni da na biyo shi aka bar ni a gida, na tashi da fartanya.

Inna tana surfen gero. Na ce, "Inna, don mi shi aka kai birni, ban da ni?"

Ba ta tsayar da taɓarya ba ta ce, "Shi ya riga ka zuwa duniya, ba ni da ikon riƙe shi. Kai ne nawa. Cire masa takalminsa."

Daɗi ya cika ni, har na ji tausayin Yaya.

Yau yana aikin asibiti a Gusau. Ni 'yan bindiga sun raba ni da gona, ina tura baro a tasha, 'ya'yana suna kwana a kangon mutane. A gidanmu dai ba wanda ya cuce ni balle in kai ƙara. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, takalmin nan ya yi mini daidai.