Ta'aziyya a Bayan Kamyo

Dokta Abdulbaƙi Gaji bai taɓa yarda mota ta tashi babu kaya ba. A kan wannan ya yi karatu a Faransa, da shi kuma ya dawo Dahome bayan samun mulkin kai: ilimin tsara aiki ta hanyar lissafi, yadda za a kai kaya masu yawa cikin ɗan lokaci ba tare da ɓarnar mai ko ƙarfin mutum ba.

Yakan je koyarwa a Kwatano lokaci-lokaci, amma gidansa da bincikensa suna Paraku, inda layin dogo ya ƙare, ake sauke kaya daga jirgi a loda wa kamyo, wato manyan motocin kaya, zuwa arewa. Da safe yana tasha, yana duba wace mota ta daɗe a layi, wace ce za ta dawo wayam. Da yamma yana kan teburinsa a unguwar Albarika. Matarsa Lubabatu ta saba rufe masa tuwo ta koma ɗaki. Allah bai ba su haihuwa ba.

Danginsa suna Jugu, zuriyar fataken goro ne, tafiyar rabin yini daga Paraku. Babban gida ne, ba a rasa suna ko biki ko rasuwa. Dokta ya auna abin kamar yadda yake auna komai. Zuwa da dawowa da zaman tabarma za su cinye masa kwanaki, alhali kullum akwai kamyo mai zuwa Jugu, kuma ba a rasa wuri a bayansa. Daga nan duk abin da ya faru, sai ya sayi goro da sukari ya damƙa wa Labaran direba.

"Mushe, me zan ce musu?" in ji Labaran, wanda kan kira shi Mushe, wato "Malam" da Faransanci.

"Ka ce ina gaisuwa. Aiki ne ya riƙe ni."

Lubabatu ta nemi ta riƙa zuwa a madadinsa. Ya ce saƙo ɗaya ba ya bukatar 'yan aike biyu.

Haka ya yi da kawunsa ya rasu. Haka ya yi da mijin yayarsa Tasalla ya rasu, ita da ta goya shi bayan mutuwar mahaifiyarsu. Da ta fita takaba, ta shigo mota ta same shi har gida.

"Auta, goro ka aiko mini?" in ji ta. "Ni da na buɗe ido a cikin huhun goro?"

"Yaya, ai saƙon ya isa a kan kari. Ko na taho, sai bayan an binne zan iso. Me zuwana zai ƙara?"

"Labaran ya zauna a tabarma, ya sha kunu, har hawaye ya yi. Baƙi suka ɗauka shi ne ƙanen nawa. Ban ƙaryata su ba."

"Taro ne da ni a Dakar. Takardar da na gabatar..."

"To, Allah ya ba takarda lafiya." Ta gyara mayafinta, ta yi sallama da Lubabatu, ta fita. Ko ruwan gidan ba ta sha ba.

Shekaru suka wuce. Ya zama farfesa. Tsarin da ya yi wa tasha ya rage jira, motoci suka daina kwana a layi, ɗalibai a wasu ƙasashe suna karanta sunansa. A Jugu kuwa yaran da aka haifa a gidansu sun girma ba su san fuskarsa ba.

Wata damina Lubabatu ta kwanta gajeriyar jinya, ta rasu. Maƙwabta suka yi abin da addini ya ɗora musu: aka yi wanka, aka yi salla, aka binne. Suka yi masa gaisuwa a tsaye, suka koma shagunansu. Yawancinsu bai san sunansu ba.

Ya aika Jugu da labari. Ya sa aka shimfiɗa sababbin tabarmi a ƙofar gida, aka ɗora babbar tukunyar shinkafa saboda baƙi. Ya zauna yana kallon hanya. Ranar farko ba wanda ya zo.

Washegari da hantsi kamyo ya tsaya a bakin layi. Farfesa ya miƙe. Labaran ne ya sauko, furfura ta cika masa kai, shi kaɗai, rungume da ƙulle-ƙulle.

"Mushe, ya haƙuri? Mutanen Jugu suna gaisuwa. Wannan daga Hajiya Tasalla. Wannan daga gidan ɗan'uwanka Baƙo. Wannan na 'ya'yan kawu."

"Su suna hanya?"

Labaran ya dubi ƙasa. "Sun ce Allah ya jiƙan rai. Sun ce tun da mota na zuwa..." Bai ƙarasa ba.

Farfesa ya karɓi ƙulle-ƙullen ya ajiye. Sannan ya nuna masa tabarma. "To kai zauna, Labaran. Ka ɗan zauna da ni."

"Wallahi ina so, Mushe. Amma kaya ne a mota, kuma ka san tsarin tasha. Ba a yarda mota ta tsaya a gari da kaya ba."

Ya sani. Shi ya tsara.

Kamyo ya tashi. Farfesa ya koma kan tabarma ya kwance ƙullin Tasalla. Goro ne fari, mai kyau, irin wanda ake raba wa masu zaman makoki. Ya duba dama, ya duba hagu. Babu wanda zai miƙa wa.

Mai karatu, ilimi da yawan aiki ba su ɗauke wa kowa hakkin zumunci ba. Ana iya aika goro da sukari, amma ba a aika zama kusa da ɗan'uwa ranar baƙin cikinsa. Ka je da kanka tun ana jiran zuwanka.