Lasifikokin Malam Musa

Ƙarti biyu ne suka sauke lasifikokin daga bayan mota, suka ajiye su bisa tebur a makarantar firamaren Warra. Akwatuna ne na katako, tsofaffi, gefensu duk ya goge. Mai su, Malam Musa, ma'aikacin gidan rediyo daga Sakkwato, ya ce waɗannan ba irin na gidan biki ba ne, na ɗakin ɗaukar murya ne. Ba sa ƙara wa murya gishiri, ba sa kuma rufa mata asiri.

Abin da ya kawo shi wani tsohon tef ne marar suna, wanda aka ɗauka a tsibiran Yawuri kafin ruwan Kainji ya cinye su. Mai muryar yake nema. Ko ya tsufa, ko ya dushe, za a kai shi Sakkwato a ɗauki waƙoƙinsa kaf, a riƙa sa su da sunansa.

Audu mawaƙin masunta yana gaba-gaba, don shi aka fara kira. Mutanen tsibirinsu sun watse tun lokacin da ruwan ya tashe su, shi da Jabiru kaɗai suka rage a nan. Ubangidansu ɗaya a waƙa, amma shekara ashirin ke nan ba sa ga maciji. Ranar kuwa Jabiru yana can tsakiyar ruwa, sai jibi zai dawo, baƙon kuma yau zai juya.

Da aka kunna, sai waƙa ta cika aji. Waƙar tuƙin jirgi ce ta ubangidansu, murya garau, har numfashin mawaƙin ana ji. Mata suka cika tagogi, wani tsoho ya share hawaye.

Audu ya ji kamar an ɗora masa garwashi a ƙirji. Mutum biyu aka koya wa waƙar nan, shi kuwa bai taɓa tsayawa gaban na'ura ba a rayuwarsa, yana ganin satar waƙa ce. A shekarar da baƙi suka yi ta yawo a tsibirai da akwatuna, ko kallo ba su ishe shi ba. Jabiru ne mai rawar kai wajen irin wannan. Ashe haka muryar shegen take da daɗi! Tasa kuwa hayaƙin bandar kifi ya gama da ita. Ya hango Jabiru cikin mota da sabuwar riga, sunansa a kowace rediyo daga Shanga har Ngaski. Hassada ta rufe masa ido, shi ma ya san ita ce, amma bai tsaya ba.

Malam Musa ya tambaye shi ko ya gane muryar.

"Na gane ta sarai, malam. Wanga ai ya rasu tun shekarar da ruwa ya taho."

Baƙon ya sake tambaya ko ya tabbata. Audu ya rantse da Allah gaban hakimi da liman da dukan jama'a. Malam Musa ya yi wa mamacin addu'a, aka shafa, ya ce shi ke nan, neman ya ƙare, za a sa waƙar a matsayin ta marigayi.

Ya juya yana naɗe wayoyi, tef ɗin bai tsaya ba. Waƙa ta ƙare, sai ƙarar ruwa da kukan kaji. Can nesa, ƙasa-ƙasa, inda ƙaramar rediyo ba za ta taɓa kamowa ba, lasifikokin suka fito da muryar wata mata.

"Baƙo, waƙar ta isa hakanan, taho ka ci tuwo."

Audu ya ƙura wa lasifikokin ido, domin duk duniya mutum ɗaya ce take kiransa Baƙo: Innarsa, wadda kunyar ɗan fari ta hana ta faɗin sunansa har ta koma ga Allah. Ashe muryarsa ce aka ɗauka bai sani ba.