Tulu a Ɗakin Inna

Yanzu ba a yi wa mace aiki da ciki a jikinta. Ciro ɗan ake yi, a sa shi a tulun gilashi, a kai gida har ta warke. Likita ya ce wa Zuwaira gyambon hanjinta ya kai a yanke, ga ta kuma da ciki.

Ta dawo ta tarar surukarta ta share wa tulun wuri a ɗakinta.

"Inna, ni fa ban amince ba tukuna."

"Cikin da ya kasa riƙe tuwo ne zai riƙe mini jika? Je ki a yanke."

Zuwaira ta dafe mararta. A gefen gado wata 'yar na'ura tana fitar da bugun zuciyar da jaririn zai riƙa ji. Inna ta riga ta naɗi bugun tata zuciyar a ciki.