Maƙerin da Ya Ƙera wa Kansa Rajista

Tunda ka ce za ka buga wa kayanka tambari, bari ka ji abin da ya sami wani maƙeri. Mutumin nan ya gaji maƙera daga ubansa, ya kuma gaji wata 'yar kunama da uban yake bugawa a wuyan kowace fartanya. Manoman yankin ba sa tayin fartanya sai sun shafa sun ji kunamar. Wata rana ya ga wata adda 'yar waje, a gefen tambarinta akwai harafin R cikin da'ira. Ya tambayi mai shago, aka ce masa alama ce ta cewa hukuma ta san da tambarin, ba mai ikon taɓa shi. Maƙeri dai ka san halinsa, duk abin da ya gani a jikin ƙarfe gani yake bai fi ƙarfin masabarsa ba. Ya koma gida ya hura wuta, kafin la'asar ya ƙera hatimin da'irar, har ya fi na addar kyau, ya shiga buga shi a gefen kunamar a kan kowace fartanya. Wani malamin makaranta ya ce masa sai an je ofis an yi rajista an karɓi takarda kafin a sa wannan, wanda bai yi ba haruffan TM, alamar tambarin da ba shi da rajista, su ne iyakarsa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, takarda gara ke ci. Nawa a ƙarfe yake."

Shekara bakwai yana barci da minshari, ya ɗauka ya yi wa gadon ubansa katanga. Ashe dillalin da ke sarar kayansa, wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya, ya bi ta bayan gida ya yi rajistar kunamar da sunansa, ya sa wata masana'anta tana zubo masa fartanyoyi masu tambarin kunamar, masu lanƙwashewa a damina ɗaya. Sai ga wasiƙa: maƙeri ya daina amfani da tambarin mutane. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya saɓi fartanya sai wurin lauya, ya dangwala yatsa a kan da'irar, yana jiran a ce ya yi nasara. Lauya ya ce ina takarda? Babu. Lauya ya ce da kunamar kaɗai ce, da sun kafa hujja da daɗewarta a gidansu, amma da'irar nan iƙirarin rajistar da ba a yi ba ce, laifi ne mai zaman kansa, kuma da hannunsa ya buga shaidar a kan dubban fartanyoyi. Maƙeri ba shi da ƙarfin doguwar shari'a. Ya dawo ya zauna bakin maƙera da magagari, yana goge kunamar ubansa daga fartanyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, manoma kuwa suna wucewa suna zaginsa a kan fartanyar da ba shi ya ƙera ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.