Wandon Direba da Tsoho Mai Wanki

Wandon da ya dawo daga wanki ba nasa ba ne. Haka direban ya rantse.

Nasa jins ne ɗan waje, ya saye shi kuɗin rago a tashar jirgin Nguru: shuni har ya yi baƙi, tauri kamar busasshiyar fata, ga jan zare a ɗinkin ciki. Wannan kuwa ya koɗe, ya ɗage. Ko juya shi bai yi ba.

A tsakiyar kasuwar Gashuwa ya tare tsoho mai wanki.

"Baba, wa ka sayar wa nawa?"

"Ɗana, shekara ashirin nake maka wanki. Zuba ya yi."

"Kayan Turai ba ya zuba! Ɓarawo!"

Daga ranar ko hula ba a ƙara kai wa tsohon ba.

Sai da Sallah ta zo direban ya kwance ƙullin sauran wankin. Farar rigarsa ta zama shuɗiya. Ya juya ƙafar wandon, ga jan zaren.

Ya ruga bakin kogi inda tsohon yake wanki. Aka ce masa tsohon ya sayar da dutsen gugarsa tun watan jiya, ya bar gari ba sallama.