Baƙuwar Fergus

Tun kafin a sauke matakalar jirgin, Fergus Lamont ya kama gurbinsa a ƙofar tashar ruwa ta Greenock, yana kallon masu fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Haka yake yi duk ranar da ƙaton jirgin 'yan yawon buɗe ido ya yada zango, tun bayan rasuwar matarsa. Ba sana'a ba ce. Yakan zaɓi wanda ya ga shi kaɗai, ya zaga da shi Glasgow, ya dawo da shi kafin jirgi ya tashi. Baƙon jirgi ya fi masa daɗin sha'ani: ya saurare ka, ya yi dariya, ya tafi, ba ruwansa da yadda kake kwana. Mutanen gari kuwa, da ta'aziyyarsu da kallon tausayi, ya daɗe da daina ɗaga ido ya dube su.

Yau wata dattijuwa ya hango a gefen cincirindon, sanye da koren kwat, ba jaka, ba abin ɗaukar hoto. Shi take kallo.

"Baiwar Allah, in kika bi waccan motar, ta taga za ki ga birnin," in ji shi. "Ni da ƙafa nake nuna shi."

"Ƙafar taka za ta kai kuwa?"

"Ta kai waɗanda suka fi ki baki."

Ta yi dariya, ta ce sunanta Hilda. Harshenta na mutanen arewacin Ingila ne. Suka nufi tashar jirgin ƙasa, har tana riga shi shan kwana.

A Glasgow ya bi da ita hanyarsa ta kullum, da sauri-sauri: babbar majami'a, maƙabartar kan tudu, sai bakin kogin Clyde inda ya yi ƙuruciyarsa yana walda a jikin jiragen ruwa. Ya nuna mata wurin, wanda yanzu ba komai sai ciyawa da tsuntsaye. Sauran baƙi a nan suke duba agogo. Hilda ba ta duba ba.

"Wa kake ba wannan labarin in ba jirgi?" ta tambaya.

"Butar shayi," ya ce. "Ba ta musu."

Ruwa ya sauko, suka fake a wani ɗan shago, aka kawo musu miya mai zafi da burodi. Bai san yadda aka yi ba, sai ga shi yana maganar Ailsa, matarsa: yadda har yau yake kwanciya a gefe guda na gadon, yadda hunturu ke shigewa bai furta kalma ga kowa ba sai mai kanti. Hilda ta ce ita ma ta san wannan shirun, mijinta ya kawo ta wani gari ya mutu ya bar ta a ciki. Ya so ya tambaye ta wane gari, sai ya fasa. Me zai yi da sunan garin da ba zai je ba?

Da ya farga, haske ya fara ja. Bai taɓa makarar da baƙo ba.

Jirgin ƙasan da suka samu mai tsayawa ne a kowace tasha. Fergus ya kasa zama. Yana tunanin tsohuwa a garin da ba ta san kowa ba, kayanta da magungunanta sun yi teku, duk saboda surutunsa. Can ƙasan zuciyarsa kuma wani abu na fatan kada su isa, ya ji kunyar kansa.

Suna isowa ƙofar tashar ruwa, ƙaton jirgin ya riga ya rabu da gaɓa. Fergus ya kama hannun mai gadi yana haki.

"Ku tsayar da shi! Kun bar mutum!"

"Baba, kowa ya shiga," in ji mai gadin. "Ba wanda aka bari."

Fergus ya juyo. Hilda na tsaye tana gyara maɓallin kwat ɗinta, ko kallon tekun ba ta yi ba.

"Mu je gida, Fergus," ta ce. "Ƙofata ce ke kallon taka. Shekaru nake gaishe ka a matakalar benenmu, na ga sai na zo nan za ka amsa."